Amanar Murya: Ina Muke Ajiye Waƙoƙinmu?



Kwanakin baya wata baiwar Allah daga cikinmu ta roƙe mu mu raka ta wani situdiyo. Marigayi mijinta yana da murya, kuma shekaru shida da suka wuce ya shiga wannan ɗaki ya rera wa babbar 'yarsu waƙar aure. Yanzu auren ƙaramar ya taso, uwar tana so a ciro muryar mahaifin ita kaɗai, a ɗora mata sabon kiɗa, domin ita ma autar ta ji uban yana sa mata albarka ranar da za a kai ta. Mai situdiyon ya karɓe mu da mutunci, ya ce mana, "Hajiya, ku zauna, in Allah ya yarda tana nan." Ya buɗe kwamfuta yana ta lalube. Muka ga sunaye suna wucewa: sabuwar waƙa, sabuwar waƙa ta biyu, ta ƙarshe, ta ƙarshe ta gaske. Can ya samo aikin, ya danna, manhajar ta buɗe, layuka suka jeru da sunayensu, amma babu sauti ko ɗaya a cikinsu. Sai ya tuna cewa rumbun ajiyar da muryoyin suke ciki ya cika a wata shekara, ya share shi don ya sami wurin sababbin ayyuka. Abin da ya rage wa Hajiya shi ne kwafin da ya yi ta yawo a WhatsApp har ya dusashe, murya da kiɗa a cakuɗe. Ta yi godiya, ta gyara mayafinta, muka fito ba mai cewa uffan.

Ba mu kawo wannan labari don mu ɗora wa bawan Allahn nan laifi ba. Abin da ya yi shi kusan kowa ke yi, kuma ba wanda ya taɓa biyan sa kuɗin ajiya. Mun kawo shi ne domin mu faɗi ra'ayin da muka daɗe da shi: aikin waƙa da ke cikin kwamfutar situdiyo amana ce, kuma mu Hausawan Kwaddibuwa mun fi kowa bukatar mu riƙe ta da kyau, saboda ba mu da wani wanda zai riƙe mana.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu fahimci mene ne ainihin abin da ke ɓacewa, domin da yawa daga cikinmu suna zaton in dai waƙa tana cikin waya to ta tsira. A situdiyon zamani ba a ɗaukar waƙa dunƙule. Muryar mai waƙa tana da layinta, 'yan amshi suna da nasu, kalangu da nasa, gurmi ko molo da nasa, haka sautin piyano da ganga. Manhajar da ake aikin a cikinta, ko FL Studio ce, ko Cubase, ko Pro Tools, tana riƙe da wani ƙaramin fayil wanda ke faɗin inda kowane sauti zai shigo, da ƙarfinsa, da gyaran da aka yi masa. Wannan fayil kamar takardar tela ce mai ɗauke da awon riga. Yadin yana can wani wuri dabam. In aka kwafi takardar aka bar yadin, ba riga. Abin da ya faru da Hajiya ke nan. Ita kuwa waƙar MP3 da ke yawo a wayoyinmu rigar ce da aka gama ɗinkawa, aka kuma matse ta har ta rasa wani abu daga ingancinta domin ta yi sauƙin aikawa. Ana iya sa ta, amma warware ta a mayar da ita yadi abu ne mai wuya. Ko manhajojin da suka fito yanzu masu raba murya da kiɗa, abin da suke ciro wa ba ya kamo ƙafar asali.

Akwai kuma wata hanyar asara da ba a cika lura da ita ba. Masu haɗa sauti suna dogara da ƙananan manhajoji da ake liƙa wa babbar, waɗanda ke ba da sautin kayan kiɗa ko gyara murya. Waɗannan suna tsufa. Tun fitowar Cubase 9 a 2016 kamfanin Steinberg ya daina karɓar tsofaffinsu masu bit 32, kuma Apple ya yi makamancin haka a kwamfutocinsa a 2019. Saboda haka mutum zai iya adana komai, bayan shekara goma ya buɗe aikin ya tarar rabin kiɗan ya yi shiru, domin abin da ke fitar da shi ba ya aiki a sabuwar na'ura.

To me ya sa muka ce mun fi kowa bukata? Mu dubi 'yan'uwanmu na gida. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Dan Maraya Jos a 2015, Hajiya Barmani Choge a 2013, amma har gobe ana jin su. Hakan ya yiwu ne saboda gidajen rediyo irin su Rediyon Kaduna sun ɗauke su, kamfanonin faifai sun buga su, sannan malaman jami'a sun bi sawu. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya tattara waƙoƙin baka a jerin littattafai, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da tarihin Shata a 2006. A Yamai akwai cibiyar CELHTO wadda tun ƙarshen shekarun 1960 take tattara adabin baka. Duk da wannan gata, ba a kai ga tattara waƙoƙin Shata kaf ba. In haka ta faru ga wanda ƙasa guda ta san sunansa, ina ga matashin da ke rera bege a Barakodi, ko matar da ke wa amare waƙa a Tireshbil? Mu a nan 'yan tsiraru ne. Harshen hukuma Faransanci, harshen kasuwa Jula, kuma ba za mu zauna jiran wata ma'aikata ta zo ta tattara waƙoƙin Hausa na Ajame ba. Ɗakin adana tarihinmu, ko mun sani ko ba mu sani ba, shi ne tarin rumbunan kwamfuta da ke cikin ƙananan situdiyo, ƙarƙashin kwano mai zafi, a garin da laima ke cin ƙarfe, ruwan watan Yuni ke shiga gidaje, wutar lantarki kuma takan ɗauke ba sallama.

Abin da ya ƙara mana takaici shi ne garin da muke zaune a cikinsa yana da tarihin ɗaukar sauti. A shekarun 1970 da 1980 Abijan ce matattarar mawaƙan Afirka ta Yamma. A nan Salif Keita da ƙungiyar Ambassadeurs suka ɗauki Mandjou a 1978, kuma situdiyon JBZ ya karɓi mawaƙa daga ƙasashe da dama. A Tireshbil ɗin nan tamu ne Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin Moi, un noir a 1957, a kan samarin Nijar 'yan ci-rani, Oumarou Ganda yana kan gaba. An ɗauki hoton ba tare da sauti ba, daga baya Ganda ya zauna yana kallo yana magana aka naɗi muryarsa. Domin an adana hoton an kuma adana muryar, yau muna iya jin yadda ɗan ci-ranin wancan zamani yake kwatanta wahalar dako a tashar jiragen ruwa da burin da ke zuciyarsa. Sai dai mu lura, baƙo ne ya ajiye mana wannan. Kakanninmu da suka biyo hanyar goro suka sauka a Bonduku da sauran zangunan ƙasar nan, sun yi kiɗa, sun yi waƙa, sun yi kirari, amma me ya iso mana daga muryoyinsu? Su suna da uzuri, domin ba su da na'ura. Mu da kowane lungu ke da situdiyo, wane uzuri za mu ba jikokinmu? Amadou Hampâté Bâ, wanda ya ƙarasa rayuwarsa a Abijan ya rasu a 1991, ya kwatanta mutuwar dattijon Afirka da ƙonewar ɗakin karatu. A zamaninmu ba sai dattijo ya mutu ba. Ya isa wani yaro ya danna share don ya sami wurin sabon aiki.

Kada kuma mu ɗauka wannan ciwo na talaka ne kawai. A 2008 gobara ta cinye wani rumbun kamfanin Universal a Amurka, kuma binciken da jaridar New York Times ta wallafa a 2019 ya nuna cewa asalin naɗin waƙoƙi wajen 500,000 ne suka salwanta. A wannan shekarar ta 2019 shafin MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora masa tsakanin 2003 da 2015, kimanin miliyan 50, a yayin sauya ma'ajiya. Darasin farko shi ne ajiya a wuri ɗaya ganganci ne komai ƙarfin ginin. Darasi na biyu shi ne ɗora waƙa a YouTube ko Facebook ko TikTok talla ce. Kamfanin bai yi mana alkawarin riƙe ta har abada ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Amma akwai labari mai daɗi daga maƙwabta. A Konakiri, faya-fayen gidan rediyon Gini na zamanin Sékou Touré sun daɗe a jibge suna lalacewa. Daga 2008 zuwa 2013 wani mai bincike ɗan Ostareliya, Graeme Counsel, da tallafin Ɗakin Karatu na Birtaniya, ya zauna tare da ma'aikatan gidan suka mayar da waƙoƙi sama da 9,000 zuwa na'ura, aka rubuta sunan kowace da mai ita. Daga baya aka ɗora su a intanet domin jama'a su saurara. Abin da aikin ya ci shi ne haƙuri da tsari, kuma waɗannan biyun ba su fi ƙarfinmu ba.

Ga abin da muke ganin ya kamata ya zama al'ada a kowane situdiyo da ke ɗaukar waƙar Hausa a garin nan.

Na farko, suna. Kowace waƙa ta sami jakarta ita kaɗai tun ranar da aka fara ta, kuma sunan jakar ya fara da shekara, wata da rana, sannan sunan mawaƙi, sannan sunan waƙar. In aka yi haka kwamfuta da kanta za ta jera su bisa tsarin lokaci. Duk gyaran da aka yi a ba shi lamba, ɗaya, biyu, uku, a daina rubuta "ta ƙarshe", domin duk mai wannan sana'a ya san ba a rasa wata bayan ta ƙarshe. A kuma raba ayyukan da ake kan yi da waɗanda aka gama, kada su zauna a rumbu ɗaya.

Na biyu, tattarawa. Ranar da aka gama waƙa, a umarci manhajar ta haɗa duk sautukan da aikin ya dogara da su a wuri ɗaya. Manyan manhajojin nan duk suna da wannan dama: FL Studio tana ƙulle aikin da sautukansa a ƙunshin zip, Cubase tana da hanyar kwafe aikin gaba ɗaya zuwa sabuwar jaka, haka Pro Tools da Ableton. Aikin minti kaɗan ne, kuma da an yi shi da Hajiya ba ta fito hannu rabbana ba.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci a wurinmu: a fitar da kowane layi shi kaɗai a matsayin fayil ɗin WAV, duka su fara daga daƙiƙa ɗaya, murya dabam, amshi dabam, kowane kayan kiɗa dabam. A fitar da muryar sau biyu, ɗaya da gyara ɗaya tsurarta. Wannan ne maganin tsufan manhaja, domin WAV kowace na'ura tana buɗe shi, kuma duk wanda ya jera layukan nan gaba zai sami waƙar kamar yadda take. Ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar kada a yi ƙasa da bit 24 da kilohaz 48. A wannan ma'auni, minti ɗaya na layi ɗaya yana cin megabait 8.6 da 'yan kai. Waƙar minti 5 mai layi 40 ba za ta wuce gigabait 1.7 da kaɗan ba, wato rumbu mai terabait 1 zai ɗauki irinta sama da 500. Duk wanda ya ce babu wuri, ya sake lissafi.

Na huɗu, takarda. A cikin kowace jaka a ajiye ɗan rubutu: wa ya yi waƙar, wa ya rubuta baitocin, su wa suka yi amshi, wa ya kaɗa kalangu, wa ya haɗa sauti, wace rana, don wa aka yi ta, a wane dalili. A rubuta baitocin kansu da Hausa. Wannan ya fi muhimmanci a gare mu fiye da mutanen Kano ko Maraɗi, domin Hausarmu ta nan ta sha ruwan Jula da Faransanci, tana da kalmomin da babu su a ƙamus, kuma 'ya'yanmu da yawa Faransanci ya fi zama a bakinsu. Bayan shekara talatin, wannan ɗan rubutu ne zai gaya wa mai sauraro wane ne Alhajin da aka ambata, kuma wace tasha ake nufi.

Na biyar, kwafi uku. Masu wannan fanni suna da ƙa'ida: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. A wurinmu ma'anarsa ɗaya a situdiyo, ɗaya a hannun mawaƙi ko iyalinsa, ɗaya a ma'ajiyar intanet ko a gidan ɗan'uwa a wata unguwa, ko ma a can gida Tawa ko Katsina. Mu da muka ga rikicin 2010 zuwa 2011, muka ga mutane sun bar shagunansu a Ajame da Abobo ba shiri, muka kuma ga yadda ake rushe unguwanni domin faɗaɗa hanya, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Kuma ajiya tana son ziyara: sau ɗaya a shekara a kunna rumbun a buɗe wasu ayyuka a tabbatar suna nan, in ya fara tsufa a kwashe zuwa sabo. Filashi da katin memori na kai saƙo ne, kada a mai da su taska.

Mun san akwai masu ja, kuma maganarsu tana da nauyi. Mai situdiyo zai ce: kuɗin da ake ba ni na ɗauka ne da haɗawa, wa zai biya rumbu? Gaskiyarsa. Shi ya sa muke cewa a sa kuɗin ajiya a cikin ciniki tun farko, a fili, kamar yadda ake biyan kuɗin ajiyar kaya a tasha. Uban bikin da ya iya yi wa mawaƙi liƙi har ƙasa ta rufe, ba zai gaza sayen rumbu ɗaya ba. Wani mai haɗa sauti kuma zai ce: in na ba mawaƙi layukan, zai kai wa wani ya kwashe sirrin aikina. Shi ma mawaƙin yana tsoron a ɗauki muryarsa a ɗora a inda bai yarda ba, musamman yanzu da na'ura ke iya kwaikwayon muryar mutum. Wannan tsoro ba a magance shi da sharewa ko ɓoyewa. Ana magance shi da rubutacciyar yarjejeniya, ko da shafi ɗaya ce, gaban shaidu biyu: wa ke da murya, wa ke da kiɗa, wa ke da izinin sake amfani da su, shekara nawa situdiyo zai riƙe. Addininmu ma ya hore mu da rubuta bashi da kafa shaidu, balle abin da zai iya zama gadon marayu. Sannan ƙasar nan tana da hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BURIDA, tun 1981. Mawaƙin da ke son ya yi rajistar aikinsa, ko ya kare shi ranar da wani ya yi masa kutse, babu hujjar da ta kai asalin layukan da kwanan watansu.

Akwai kuma mai cewa: waƙar biki ce fa, ta yini ɗaya, me za a ajiye? Mu tuna cewa da yawa daga waƙoƙin da yau ake rubuta digiri a kansu, an yi su ne don wani basarake ko attajiri ko direba a wani yini. Ba wanda ya san wacce za ta yi tsawon rai. A cikin waƙar bikin nan akwai sunayen dangi, da garuruwan da aka fito, da sana'o'in da aka riƙe, da yadda ake gaisawa a zangonmu a wannan zamani. Haka waƙoƙin bege, da na ɗaliban Islamiyya ranar saukar karatu, da na wayar da kai da ƙungiyoyin mata ke sa a yi. Wanda zai rubuta tarihin Hausawan Abijan nan gaba, a nan zai same mu ko ya rasa mu.

Saboda haka muna miƙa kira ga sarakunan Hausawa na unguwanninmu, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan Nijar da 'yan Nijeriya, da attajiranmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ake bukata bai fi akwati mai makulli ba, da rumbuna biyu ko uku, da littafin rajista, da matasa biyu amintattu waɗanda suka iya kwamfuta. Duk mawaƙin da ya yarda ya kawo kwafin aikinsa a rubuta, a ba shi shaida, kuma kada a fitar da komai sai da izininsa ko na magadansa. A haɗa da tsofaffin kaset-kaset da ke cikin akwatunan iyayenmu mata kafin laima ta gama da su. Hukumar UNESCO ta ware ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara domin tunawa da gadon sauti da hoto. Me zai hana mu mai da ita ranar da masu situdiyo da mawaƙanmu za su haɗu, kowa ya duba ajiyarsa, a kuma karɓi sababbi?

Kafin manya su zauna, akwai abin da kowannenmu zai iya yi a wannan mako. In ka taɓa sa an yi maka waƙa, ko mahaifinka ko mijinki ya taɓa shiga situdiyo, a je a tambaya tun mai situdiyon yana nan, tun rumbun bai cika ba. A tafi da rumbu a hannu, a roƙi layukan ɗaya bayan ɗaya, a biya shi ladan wahalarsa. Da-na-sani ƙeya ce, a baya take. An ɗaura auren autar Hajiya, an sa tsohon kwafin nan na waya a lasifika, kuma duk da dusashewarsa sai da mata suka yi hawaye. Muna ta tunanin yadda abin zai kasance da an sami muryar ita kaɗai, tsaf kamar yana tsaye a tsakar gidan.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amana. Masu situdiyo da mawaƙan da ke cikinmu, muna sauraren ku: yaya kuke ajiye naku, kuma me ke hana ku?